Ƙuri'ar Ma Ilva

"Ba zan tsaya a ƙofa ba, Kawu. Tare za mu shiga."

Nerissa ta faɗi haka tana zaune a matakalar baranda, kwanon busasshen kifi a cinyarta, tana zare ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Ko kai ba ta ɗago ba. Kawu Fonso, ƙanen mahaifiyarta, yana tsaye a kanta sanye da rigar jam'iyya mai hoton fitila a ƙirji, yana kaɗa makullin mota a yatsa.

"Ba shawararki na zo nema ba," in ji shi. "Ranar zaɓe ki riƙo hannun Mama ki kai ta bakin ajin, ki sake ta. Ta shiga ta faɗi abin da ta saba faɗi, malamar zaɓe ta ja mata alama, magana ta ƙare. Haka ake yi tun kina yawo da majina a hanci."

"Haka aka saba yi. Ba haka doka ta wajabta ba."

"Ji min 'yar boko! Doka! Ke da kika fara karɓar albashi shekaranjiya, ke ce za ki karanta min doka?"

"Ita ta ce in shiga da ita. In ta ce in tsaya a waje, zan tsaya. Amma don kai ka ce, a'a."

Tun Nerissa na firamare ciwon sukari ya cinye idanun kakarta Ma Ilva, wadda ta rene ta bayan mahaifiyarta ta tafi aikatau ƙasar waje. Daga lokacin, zaɓen tsohuwar iri ɗaya ne da na sauran makafin ƙauyen. A kai ta gaban malamar zaɓe, wakilan jam'iyyu su matso su kasa kunne, a tambaye ta wa take so, ta faɗa da baki, a ja mata alama. Kafin sandarta ta kai ƙofar makaranta, labari ya riga ta zuwa gida. Ƙauyen ƙarami ne, kowace jam'iyya na da mutumin da ya haddace gidaje a kansa, wannan gida namu ne, wancan rabi da rabi, wancan kuwa kada ma a ɓata yawu. Kawu Fonso shi ne mai wannan lissafi a jam'iyyar fitila, shi ne kuma shugaban leburorin gyaran hanya. Muryar uwarsa tana cewa "Fitila" a gaban shaidu duk zaɓe, ita ce lambar yabon da yake taƙama da ita.

Sai ga wannan zaɓe ya faɗo ba a lokacinsa ba. Eustace Tuckett, wanda ke wakiltarsu a majalisar tarayya a Basseterre, babban birnin ƙasar, ya miƙe ana tsakiyar zama ya ce ya ajiye kujerarsa. Rigimar a kan tsoffin gonakin raken da ke saman ƙauyen ce. Tun da aka rufe masana'antar sukari mutane suke noma dankali da kabewa da gyaɗa a wurin, suna fama da birai, sai jam'iyyarsa ta fitila ta so ba wa masu gina otal filin. Tuckett ya fita daga jam'iyyar, ya dawo yana neman kujerar da ƙafarsa, ba jam'iyya, alamarsa kwale-kwale. Jam'iyyar fitila ta tsayar da Carlton Phipps, mai shagon kayan gini. Da yake zaɓen cike gurbi ne, mazaɓarsu kaɗai ke yi, sai duk lasifikokin ƙasar da duk manyan bakinta suka taru a kansu kamar ƙuda a kan mangwaro.

A rediyo Nerissa ta ji sanarwar cewa makaho na da ikon zuwa da wanda ya amince wa, ya rantse zai rufe asiri, su shiga bayan labule su biyu. Tana yi wa kakar kitso ta ba ta labarin, kamar wasa. Tsohuwar ta juyo da kai.

"Tun yaushe wannan dokar take?"

"Tun kafin a haife ni, Kaka."

"Kuma ba wanda ya gaya min." Ta gyara zama. "To, ke za ki shiga da ni."

Wannan maganar ce ta kawo Kawu Fonso da sassafe. Da ya ga faɗa bai yi ba, sai ya rage murya, ya tsuguna kusa da ita.

"Nerissa, takardarki ta neman tallafin karatu tana gaban kwamiti. Kin san su wa ke cikin kwamitin. Barbados ba a zuwa da ƙafa."

Nan hannunta ya tsaya a cikin kwanon. Shekara uku tana koyar da aji huɗu tana bin wannan tallafin. Ta ci jarrabawa, ta ci ganawa, wata jami'a a tsibirin Barbados ta ba ta gurbi. Sa hannu kawai ya rage, kuma an ce sai bayan zaɓe. Ta riga ta sayi akwati, yana ƙarƙashin gadonta da ledarsa.

"Fonso," muryar Ma Ilva ta fito daga cikin ɗaki, "idona ne ya mutu, kunnena na nan da ransa. Ko ka shigo ka gaishe ni, ko ka tafi ka gyara ramin da ke gaban coci, jiya ya kusa karya min ƙafa."

Bai shiga ba. Ya buga ƙofar mota ya tafi.

Makonnin da suka biyo baya, Nerissa ta san cewa ƙauye ba ya buƙatar bulala in yana so ya hori mutum. Kowa ya riga ya yanke hukunci: tsohuwar da ta shekara goma sha wani abu tana faɗin fitila da baki, in yau ta nemi labule, ai ta juya ne, kuma jikarta ce ta juya ta. Direban bas ɗin da ya saba tsaya mata ko ba ta ɗaga hannu ba, ya fara wucewa yana kallon teku. Hedimasta ya daina kiran ta shan shayi a ofis. Wata rana tana rubutu a allo, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, wai babana ya ce ke 'yar kwale-kwale ce, kin iya iyo kuwa?" Ajin ya fashe da dariya. Ita ma ta dara, sannan ta ba su lissafi guda ashirin.

Babbar jarrabawar ita ce Merle, maƙwabciyarsu mai gasa burodi, wadda ita ce wakiliyar fitila a rumfar zaɓe tun ba a san ranar farawa ba. Katangar da ke tsakaninsu ba ta kai ƙugu ba.

"Ina kwana, Farfesa!" Merle za ta ɗaga murya tana shanya. "Yaushe jirgin Barbados zai tashi? Ko a kwale-kwalen za a tafi?"

"Lafiya lau, Anti Merle. Burodin jiya ya ƙone ta ƙasa. Ki rage leƙe ta katanga, ki ƙara leƙa murhu."

"Au, ni za ki yi wa rashin kunya? Ni na yanke miki cibiya, yarinya!"

"Shi ya sa ta karkace."

Ta iya mayar da magana, amma in ta shiga ɗaki takan zauna a bakin gado, diddigenta na taɓa akwatin nan. Mahaifiyarta ta kira daga ƙasar waje tana kuka, wai Fonso ya ce za a kore shi daga aiki saboda taurin kan 'yarta. Fasto ya tare ta bayan sujada ya yi mata wa'azi a kan biyayya ga na gaba. Kowane yamma jerin motocin kamfen na ratsa ƙauyen da kiɗa, in na fitila ne sai sun tsaya daidai ƙofar gidansu sun daɗe suna danna oda.

Abin da ya riƙe ta shi ne ta tabbata ta san abin da ke zuciyar kakarta. Ita kanta Tuckett take so, ba ta ɓoye wa ranta ba. Gonar marigayi kakanta na cikin filin da ake rigima a kai, a can ta koyi tonon dankali, a can Ma Ilva ta kwashe ƙuruciyarta tana saran rake. Wace tsohuwa ce za ta yarda a mayar da wurin filin shaƙatawar baƙi? In ta rufe ido takan ga kanta a bayan labule tana ja wa kakarta alama a kan kwale-kwale, alama ta farko da tsohuwar ta zaɓa da kanta cikin shekaru masu yawa. Wannan hoton na sa ta ɗaga kai in tana wucewa ta gaban shagon giya, inda maza ke yin shiru in sun hango ta.

'Yan takarar biyu duk sun zo gidan. Phipps ya zo da sabuwar sanda mai hannun roba. Tuckett ya zo hannu rabbana, ya zauna a baranda yana tuna wa Ma Ilva yadda ta taɓa zane shi a kan satar gwaiba. Kowannensu ta ba shi shayin ganye a kofi ɗaya, ta sallame shi da addu'a ɗaya: "Allah ya ba mai rabo sa'a."

Bayan tafiyar Tuckett, Nerissa ta matso.

"Kaka, ni dai gaya min mana. Ai ni zan ja alamar."

"Ke ma kin zama Merle?"

"Haba, Kaka!"

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ki bari ranar ta zo, uwar azarɓaɓi."

Ranar ta zo da ɗan yayyafi. Ma Ilva ta sa rigarta ta zuwa coci, shuɗiya mai farin wuya, da hular da ba ta fitowa sai Ista da jana'iza. Sabuwar sandar ta bar ta a bayan ƙofa, ta ɗauki tsohuwar, ta ce kada a ce ta shiga rumfa da kayan wani a hannu. Suka gangara a hankali, hannunta a kafaɗar Nerissa. Ta nan 'yan fitila sun kafa laima, ta can 'yan kwale-kwale, igiyar 'yan sanda ta raba su da makarantar. Da suka zo wucewa, 'yan kwale-kwale suka ɗau tafi. Nerissa ta ji haushin tafin, don ta san da shi aka ƙara ɗaure ta. Kawu Fonso na ƙarƙashin ɗaya laimar, ya naɗe hannu a ƙirji.

Rumfar a ajin Nerissa aka yi ta. An ture bencuna gefe, zanen taswirar da yaranta suka yi na nan manne a bango. Malamar zaɓe, Misis Hendrickson, tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya ce mai tabarau a kan hanci. Merle na zaune a kujerar wakilai, har ta gyara zama ta miƙo wuya, kamar yadda ta saba.

"Ma Ilva, barka da zuwa," in ji Misis Hendrickson. "Ni zan ja miki, ko kin zo da naki mutumin?"

"Na zo da nawa."

Merle ta miƙe. "Ban yarda ba! Yarinyar nan kowa ya san inda ta dosa. Tsohuwa ba ta gani, in ta ja mata wani abu daban wa zai sani?"

"Zauna, Merle," Misis Hendrickson ta ce ba tare da ta dube ta ba. "Mai ƙuri'a ta zaɓi wanda ta amince wa. Ba ke aka tambaya ba." Ta tura wa Nerissa Littafi Mai Tsarki. Nerissa ta ɗora hannu, ta maimaita rantsuwar: za ta ja alama inda aka ce mata, kuma ba za ta faɗa wa kowa ba, yau ko gobe.

Suka shiga bayan labulen. Wurin matsattse ne, ƙamshin man kwakwar da ke kan tsohuwar ya cika shi. Nerissa ta shimfiɗa takardar, ta ɗauki fensirin da aka ɗaure da zare, bakinsa ya riga ya sauka kusa da hoton kwale-kwale. Ta sunkuya ta kai kunnenta bakin kakarta.

"Fitila," in ji Ma Ilva, a hankali.

Nerissa ta zaci ba ta ji daidai ba. "Kaka, ba mai jin mu a nan," ta raɗa mata. "Merle na can nesa. Ki faɗi wanda kike so."

"Na faɗa. Fitila."

Nerissa ta ɗago kai. Duk baƙar maganar da ta haɗiye, duk kukan mahaifiyarta a waya, duk bas ɗin da ya wuce ta a rana, ashe a kan abin da tsohuwar za ta faɗa a gaban kowa ne ba tare da an tada jijiyar wuya ba. Fensirin na hannunta. Maganar Merle ta dawo mata: wa zai sani? Babu. Ko mai ƙuri'ar ba za ta sani ba. Tazarar da ke tsakanin hoton fitila da na kwale-kwale ba ta kai faɗin yatsa biyu ba, gonar kakanta kuma na can a saman dutse tana jira. An ce zaɓen zai yi kusa ƙwarai.

Hannun tsohuwar na kan kafaɗarta har yanzu, mara nauyi, kamar yadda yake a kan hanya in suna tsallaka kwata. Ba ta matsa ba, ba ta tambaya ba. Jira kawai take.

Nerissa ta ja numfashi, ta matsar da fensirin sama, ta ja alama a gaban fitila. Ta ja ta da kyau, yadda ba mai cewa ƙuri'ar ta lalace. Ta ninke takardar, ta sa a hannun kakarta.

Ma Ilva ta ƙi yarda kowa ya jefa mata. Ta lalubi akwatin, ta nemo bakin da yatsa, ta tura takardar da kanta, sannan ta miƙa yatsan aka tsoma a tawada. Nerissa ta karɓi tata takardar ta koma bayan labule ita kaɗai, ta ba wa kwale-kwale, ta fito.

"To, Ma Ilva," Merle ta kasa haƙuri, "an dai yi abin da aka saba ko?"

"Merle," in ji tsohuwar tana gyara hula, "yau kunnenki zai kwana da yunwa."

Har ɗan sandan da ke ƙofa sai da ya juya baya yana dariya.

A hanyar komawa tsohuwar ba ta jingina da ita sosai ba. Tana tafe tana ɗaga yatsan nan mai tawada kamar mai tsoron kada ya goge, tana ɗan waƙar coci a maƙogwaro. Yayyafin ya ɗauke, tsibirin Nevis ya fito fes a ƙetaren ruwa. Da suka isa gida Nerissa ta ɗora farfesun akuya a wuta, ta fito ta zauna a matakala ta juya wa kakar baya.

"Kumburin me kike yi?" in ji Ma Ilva daga kujerarta.

"Ba komai."

"Ƙarya. Ina jin fushinki kamar zafin murhu."

Nerissa ta juyo. "Kaka, in dama fitilar za ki yi, me ya sa kika bari na sha wannan wahala? Da kin faɗa a gabansu kamar kullum, da kowa ya huta!"

"Da kowa ya huta ban da ni." Tsohuwar ta ɗora hannuwa a kan sanda. "Shekara nawa ina shiga ajin nan ina buɗe baki kamar aku. Ni kaina na daina sanin ko so nake yi, ko tsoron aikin Fonso ne ke magana da bakina. Kwanakin nan da kike ta faɗa da mutane, ni kuma ina nan ina faɗa da kaina. Na auna na sake aunawa. Ban taɓa samun damar aunawa ba sai bana."

"Kuma aunawar ta kai ki ga mai sayar da siminti? Gonar marigayi fa?"

"Gonar na raina. Amma Eustace na ba shi ƙuri'ata ta shekara biyar, ya ajiye min ita a tsakiyar hanya don ransa ya ɓaci, ya dawo yana cewa in ƙara masa wata. Ni na sari rake da ciki wata takwas, shugaban gandu na zagina, ban jefar da adda na tafi ba. In faɗa zai yi, ya zauna a ciki ya yi. Wataƙila na yi kuskure. To kuskurena ne, ba na Fonso ba, ba naki ba."

Nerissa na da amsa har guda uku a bakinta, masu kyau kuwa. Ta haɗiye su.

"Ba ki tambaye ni ko na ja inda kika ce ba," ta ce.

"Wace tambaya? Ai na ji nishin da kika yi, kamar wadda ake cire wa haƙori. Da kwale-kwalen kika ja, da ba ki yi wannan nishin ba."

Dariya ta ƙwace wa Nerissa, ta yi ta har da hawaye, tsohuwar na taya ta. Merle ta leƙo ta katanga don ta ga abin da ake wa dariya, ba ta samu ba, ta koma.

Washegari da safe rediyo ya faɗi sakamako. Tuckett ya koma kujerarsa, da ratar mutanen da ba su cika bas ɗaya ba. Ma Ilva ta kurɓi shayinta ta ce, "To, Allah ya sa ya zauna wannan karon." Lasifikoki suka yi shiru. Manyan motocin Basseterre suka koma inda suka fito. Karon farko cikin makonni aka ji kukan zakara da ƙarar teku a ƙauyen, mutane suka hau dutse duba abin da birai suka bari.

Da hantsi Kawu Fonso ya zo. Babu rigar jam'iyya, idanunsa sun yi ja. A akwatin ƙauyensu fitila ta samu ƙasa da abin da ya yi wa manya alkawari, kuma an tambaye shi yadda mutumin da ya kasa riƙe gidan uwarsa zai riƙe ƙauye. Wannan karon bai yi tsawa ba.

"Nerissa, ba na tambayar taki. Taki na san inda ta tafi. Ta Mama nake so. Ki zo mu je wurin shugaban jam'iyya, ki dafa Littafi ki faɗi inda kika ja mata. In fitila ce, takardarki za ta wuce, ni ma in samu bakin magana. In ba ita ba ce, ki faɗa min ni kaɗai, in san inda dare ya yi min."

Kalma ɗaya ce, kuma gaskiya ce. Tana kan harshenta. Ta dubi kawun nata, ta ga furfurar da ba ta lura da ita ba a da, ta ji tausayinsa.

"Na riga na dafa Littafi jiya, Kawu. Ba zan dafa shi yau in warware na jiya ba."

"Mama," ya juya wurin tsohuwar, "ki yi mata magana."

Ma Ilva ta buɗe baki. Nerissa ta ga abin da take shirin yi, ta riga ta.

"Kaka, kada ki faɗa. In kin faɗa yau don ni, zaɓe mai zuwa za su sake tambaya, ranar da kika yi shiru kuma shirun ya zama amsa. Kin koma gidan jiya ke nan. Kuma ko kin faɗa, za su ce sun ji abin da kika ce, abin da na ja suke tambaya."

"Karatunki fa, 'yar nan?" Muryar tsohuwar ta yi rauni.

"Karatu ba ya ruɓewa."

Tsohuwar ta daɗe tana murza kan sandarta. Sannan ta ce, "Fonso, ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba. Ka ji abin da ta ce. Akwai sauran farfesu, zauna ka ci."

Bai zauna ba. Ya sauka matakalar a hankali, ya tafi ko ƙofar mota bai buga ba.

Aikinsa bai tafi ba, ashe barazana ce kawai, har ramin gaban coci ya cike kafin Kirsimeti. Maganar otal ta kwanta. Direban bas ya koma tsayawa. Merle ta aiko da burodi ranar haihuwar Ma Ilva, wanda bai ƙone ba, ko da yake ta ce wa yaron da ta aika kada ya ba wa Farfesa a hannu. Wasu makafi biyu na ƙauyen suka aiko suna tambayar yadda ake rantsuwar nan. Nerissa na barci har safe, abin da ta manta yadda yake.

Sunayen waɗanda aka ba tallafi sun fito a ƙarshen wata, nata ba ya ciki, kuma ba wanda ya yi mata bayani. Gurbin da jami'a ta ba ta ya wuce. Ta yi rajistar karatu daga gida, tana yi da yamma bayan ta gama duba littattafan yara, digirin shekara uku zai ɗauke ta shida. Kawu Fonso, wanda ya koya mata hawan keke, yana zuwa gaida uwarsa duk Lahadi, in ya same ta a baranda sai ya wuce ta kamar turmi. Rabin ƙauyen har yau sun yarda ta sace ƙuri'ar makauniya, ɗaya rabin na yaba mata a kan abin da ba ta yi ba. Barbados, da kawu, da sunanta a bakin mutane: abin da ta biya ke nan, kuma ba a dawo mata da ko ɗaya ba.